Tambaya da Amsa: Cediyata ta karkace ta rabu biyu, wane fasali zan ba ta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah taimako nake nema don hankalina a tashe yake. Ina da wata 'yar cediya da nake reno a tukunya yau shekara huɗu kenan da niyyar yin bonsai, wato renon itace a tukunya ya zauna ƙarami amma da siffar babbar bishiya, reshe ne na yanko daga cediyar ƙofar gidanmu a Zariya kafin a sare ta lokacin da aka zo faɗaɗa hanya, kuma a gindinta mahaifinmu yake zama da yamma har Allah ya karɓi abinsa, toh kaga ba ni da wata in wannan ta tafi. Kaurin gindinta ya kusa wuyan hannuna, tsawonta kamar santimita 70. Ta taso a miƙe kamar taƙi guda sai ta karkata hagu, daga nan ta rabu biyu, reshe ɗaya ya yi sama ɗayan kuma ya yi gefe har ya ɗan sunkuya. Na daɗe ina kallon hotuna na rasa wane fasali zan ba ta, moyogi ne (mai lanƙwasa amma kansa saitin gindi) ko shakan (mai karkata gefe guda), ko kuwa in yi kengai (mai zubowa ƙasa ya wuce bakin tukunya) tunda ga reshe ya riga ya sunkuya da kansa. Na kai ta wajen wani mai sayar da fulawa a bakin titi yace in sare na saman, in lanƙwasa na gefen da waya, in mayar da ita kasko, sannan babban sirrin inji shi shine in daina ba ta ruwa sai sau ɗaya a sati kuma kar taki ya kusance ta, wai a haka ganye yake ƙanƙancewa. Ban yi saran ba tukuna don hannuna ya ƙi, amma na bi maganar ruwan, sati biyar kenan tun tsakiyar Maris. Yanzu ganyen ya koma ruwan ɗorawa yana zuba, kan ƙananan rassan ya fara bushewa. Malam wane fasali ne ya dace da ita, kuma zubar ganyen nan alamar aikin ya fara ci ne kamar yadda mutumin ya faɗa?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan ajiye wayar hannunka, tashi ka nemo baho ka zuba ruwa, ka tsoma tukunyar a ciki har ruwan ya kusa bakinta, ka bar ta kamar minti ashirin har ka ga kumfar iska ta daina tasowa, sannan ka ɗaga ta ta tsane ka ajiye ta inda rana za ta same ta da safe kawai, daga hantsi zuwa yamma ta kasance a inuwa. Dalilin tsomawar, ƙasar da ta bushe ƙamas ba ta shan ruwa ta sama, za ka zuba ka ga ya fito ta ƙasan tukunya ka ɗauka ta ƙoshi alhali ta gefe ya zirare, tsakiyar tana nan a bushe kamar garin kwaki. Kar ka sa mata taki yanzu ko ƙwaya ɗaya, saiwar da ta wahala taki ƙona ta yake yi. In ka gama ka karce ɓawon gindin kaɗan da farce, idan ka ga kore ko farin ƙaro ya tsatso kamar madara to da ranta, sai ka bi rassan ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa don ka san inda bushewar ta tsaya. Zubar ganyen nan ba wani aiki da ya fara ci, cediya ce take zubar da kayanta don ta tsira da ranta.

Na gode Allah da hannunka ya ƙi yin saran nan. Da ka haɗa mata sara da waya da canjin kasko a kan ƙishirwar sati biyar cikin bazara, da ta'aziyya nake rubuto maka yanzu.

Toh mu zo kan fasali tunda shi ka tambaya. Kengai dai ka cire shi daga ranka. Na san reshen da ya sunkuya yana jan ido, kowa ya gan shi sai ya hango irin hotunan nan na bishiya tana zubowa daga doguwar tukunya kamar daga bakin dutse, amma ka duba gindin cediyarka, kai da bakinka kace ta taso a miƙe taƙi guda kafin ta karkata. Kengai mai kyau tun daga ƙasa yake fara faɗowa, in ba haka ba sai ya fito kamar sandar lema, a miƙe sannan a lanƙwashe, kuma gindi mai kaurin wuyan hannu ba ya lanƙwasuwa da waya. Bayan haka cediya ƙarfinta sama yake zuwa, duk tohon da ya samu wuri a saman lanƙwasar shi zai riƙa ƙwace abinci, na ƙasan yana ramewa, za ka ƙare rayuwarka kana faɗa da ita duk damina. Ana yin kengai da dangin cediya, ban ce ba a yi ba, amma ba da wannan ba, kuma ba a matsayin aikinka na farko a kan itacen da ba ka da madadinsa ba.

Tsakanin moyogi da shakan kuwa, amsar ba ta cikin rassan da kake kallo, tana binne a ƙarƙashin ƙasa. Idan ta farfaɗo ka samu tsinken tsire ka riƙa yaye ƙasar saman a hankali, santimita biyu ko uku, har ka ga inda manyan saiwoyi suka fita daga gindi, abin da Japanawa ke kira nebari. In ka tarar saiwa mai ƙarfi tana dama, wato kishiyar inda ta karkata, kamar mutum ya tokare ƙafa yana jan igiyar guga, to ita da kanta ta zaɓi shakan, sai dai ka ƙara mata karkata kaɗan ranar canjin tukunya don miƙaƙƙen gindin nan ya bi layin. In kuma saiwoyin sun bazu ta ko'ina daidai, moyogi ya fi zama da ita, kan bishiyar ya dawo ya tsaya saitin gindi. Cediyar da aka dasa daga reshe sau da yawa saiwarta ɓari ɗaya take fin yawa, don haka kar ka yi mamaki in shakan ya fito.

Amma duk wannan maganar ba ta da amfani a kan itacen da ake kashewa da ƙishirwa, kuma ka yi haƙuri zan daɗe a nan don wallahi abin nan ya ishe ni. Da wuya sati ya wuce wani bai kawo min tukunya ko ya turo hoto da wannan labarin ba, an ce masa bonsai horo ne, a hana ta ruwa, a hana ta abinci, a takure ta har ta saduda ta zauna ƙarama. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa. Abin da ke riƙe bonsai a ƙarami almakashi ne, ana rage rassa ana rage saiwa a kan lokaci, kasko kuma yana taƙaita wurin da saiwar za ta bazu. Shikenan. Itacen da ke cikin kaskon nan dole ya fi na daji samun kulawa, domin na daji saiwarsa tana tafiya mita da yawa neman laima, naka kuwa duk duniyarsa ƙasa ce cikin kwano guda, abin da ka zuba shi kaɗai zai sha.

Bari in gaya maka abin da ya faru a cikin tukunyarka sati biyar ɗin nan. Manyan saiwoyin da ake gani ba su ne masu shan ruwa ba, aikinsu riƙe itace da ajiyar abinci. Masu shan ruwa ƙananan nan ne farare masu kama da zare, kuma su ba su da ɓawon da zai kare su, da zarar ƙasa ta bushe ƙamas sai su mutu. A watan Afrilu a wajenmu da zafi ke dosar digiri 40, in tukunyar baƙar roba ce kuma tana kan siminti, yini ɗaya ya isa ƙasar ta bushe, kai kuma kwana bakwai kake barin ta. Duk ranar da ka ba ta ruwa sai ta yunƙura ta fitar da sabbin zaren saiwa da ɗan abincin da ta ajiye a jikinta, kafin kwana uku sun sake ƙonewa, haka sau biyar. Ajiyar tana ƙarewa. Sannan mafi muni yana gaba, don yawancin mutane in suka ga ganye ya zube sai tsoro ya kama su su koma zuba ruwa safe da rana da dare, alhali ba ganyen da zai ja ruwan ba saiwar da za ta sha, ƙasa ta zauna jagab, matattun saiwoyi su fara ruɓewa su kama masu rai. In ta mutu aka koma wajen mai ba da shawarar sai yace ai ka gani, ruwa ne ya kashe ta, na gaya maka ba ta son ruwa. Da haka ƙaryar take ƙara samun gindin zama. Shi ya sa bayan tsomawar yau ba na so ka koma ambaliya, ka soka tsinken tsire cikin ƙasar ka bar shi, duk safiya da la'asar ka zaro ka taɓa, in da danshi sosai ka ƙyale, in ya fara shan iska ka zuba har ya fito ta ƙasa. Ba a ba bonsai ruwa da kalanda.

A bara wata baiwar Allah, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta kawo min tsamiya da ta rena daga ƙwallo shekara goma sha ɗaya, gindi ya fara tsagewa ya yi kyau irin na tsohuwar tsamiya, irin itacen da ni kaina zan so a ce nawa ne. Wani ya ba ta irin shawarar da aka ba ka. Da na kifa tukunyar a tafin hannuna ƙasar ta fito dunƙule guda, wajenta jiƙe tsakiyarta ƙura, ga wani wari kamar na kwata. Na kama saiwa ɗaya na ja a hankali sai ɓawonta ya saɓule a yatsana ya bar wani siririn zare baƙi, na bi ko'ina ban samu fara ko ɗaya ba. Tana tsaye tana kallon hannuna tana tambayata ko akwai maganin da za a saya, ban iya ɗaga kai na kalle ta ba. Shekara goma sha ɗaya ta tafi a wata biyu saboda maganar mutumin da bai taɓa riƙe itace ɗaya a kasko ya shekara uku da rai ba.

Abin da ke sa ƙaryar nan kama mutane shine akwai ɗan ɓurɓushin gaskiya a jikinta. Eh, itacen da ya sha wahala yana fitar da ƙananan ganye, amma irin ƙanƙantar akuyar da aka hana dusa ce, ba wanda zai gan ta yace an samu sabon iri. Ganyen wahala kodadde ne, tsiraru ne, a kan rassa kawai yake tsayawa, cikin itacen fayau. Ƙanƙantar ganye ta gaskiya daga yawan rassa take zuwa, reshe ɗaya ka datse ya zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, ƙarfin da ada yake tafiya ga ganye ashirin yanzu ganye ɗari biyu ne suke rabawa, dole kowanne ya fito ƙarami, ga rana isasshiya da ke ƙara matse shi. Akwai kuma tsige ganye gaba ɗaya da ake yi wa dangin cediya don sabon ya fito ƙanana, amma wannan sai itacen da ke tumbatsa da lafiya, cikin damina, kuma a ƙarshen aiki ake yinsa bayan an gama gina rassa. Haka nan in ka ji ƙwararru suna rage taki, a kan tsohon itacen da aka gama fasalinsa ne ake so ya riƙe siffa, na ɗan lokaci, ba a kan ɗan shekara huɗu da ko gabansa, wato ɓangaren da za a riƙa kallonsa, ba a zaɓa ba. Wani abin da ke ruɗa su kuma shine kuka da kariya, su waɗannan suna ajiye ruwa a jikinsu, kuka ma in ta zubar da ganye da rani ana ɗauke mata ruwa don kar ta ruɓe, toh sai mutum ya ɗauki hukuncin kuka ya ɗora wa cediya da tsamiya da duk abin da ke cikin tukunya.

Ka tsaya ka yi tunani a kan kowane aiki na fasali, za ka ga duk bashi ne kake ci a kan girman da itacen zai yi gobe. Ka naɗa waya ka lanƙwasa reshe, me zai sa ya zauna a haka bayan ka cire wayar? Sabon itacen da ya ƙaru a jikinsa yana lanƙwashe. In bai girma ba ko shekara wayar ta yi kana cirewa zai koma inda yake, ko kuma ya bushe a cikinta. Ka sare reshe, me zai rufe ciwon? Sabon nama da ke naɗowa daga gefe, shi ma girma ne. Ka datse kai kana jiran toho ya fito a baya inda kake so, da wane ƙarfi zai fito? Don haka wanda yace maka ka yi fasali kuma ka hana ruwa da taki, ya ce maka ne ka tafi Kano a mota amma ka fara tsiyaye man.

Su masu abin ma ba haka suke yi ba. A Japan akwai magana sananniya tsakanin masu sana'ar cewa ban ruwa kaɗai shekara uku ake yi ana koyonsa, yaron gida zai yi ta yawo da butar ban ruwa yana leƙa tukwane tun kafin a yarda ya taɓa itace mai daraja da almakashi. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokiyo a 1923, masu renon bonsai na birnin sun tashi sun koma Omiya, wani gari a arewa da Tokiyo, suka kafa unguwarsu a 1925, kuma cikin abin da ya kai su can har da kyan ruwa da ƙasa da iskar wurin. Akwai wani itacen fayin, irin mai ganye kamar allura, da ke gidan adana bonsai na birnin Washinton a Amurka, tun 1625 ake renonsa, yana gidan iyalan Yamaki a Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945 kuma ya tsira, a 1976 Masaru Yamaki ya bayar da shi cikin kyautar da Japan ta yi wa Amurka. Shekara ɗari huɗu a tukunya, kaka ya miƙa wa ɗa, ɗa ya miƙa wa jika. Ka gaya min da ban ruwa sau ɗaya a sati aka kawo shi yau?

Kuma masu wannan ƙaryar ba a nan suke tsayawa ba. Su ne masu sayar da irin bonsai a 'yar leda da hoton itace mai shuɗin ganye, alhali babu wani abu wai shi irin bonsai, ƙwallon tsamiyar da ka tofar in ka shuka a gona tsamiya ce in ka rena a kasko bonsai ce. Su ne masu ɗura wani ruwa a kwalba ba suna ba ma'auni su ce maganin hana girma ne. Akwai sinadarai na gaske masu dakushe girman tsiro, irin wanda masu gonar mangwaro ke zubawa don ya yi fure, amma ba abin da za su yi wa ɗan itacen da kake so gindinsa ya yi kauri sai dai su tsayar maka da aiki, balle wanda ba ka san me aka dama a ciki ba. Na ga wanda aka ce ya barbaɗa gishiri. Na ga wanda aka naɗe masa reshe da wayar ɗaurin rodi ta magina, ta yi tsatsa ta nutse cikin ɓawo. Ni ba na hana kowa neman abincinsa, mai fulawa ya sayar da fulawarsa Allah ya ba da kasuwa, amma in aka tambaye ka abin da ba ka sani ba kace ban sani ba, ba ka san me itacen nan yake a wajen mai shi ba, wani gadon uba ne kamar na wannan bawan Allah, amana ce ya ɗauko ya kawo gabanka ka yi masa fatawa da ka.

Mu dawo kan cediyarka. In ra'ayina kake so, kar ka matsa wa kanka sai ta shiga sunan Japananci. Sunayen nan an fitar da su ne daga yadda itatuwan can suke tsayawa a duwatsunsu, fayin da danginsa masu tsini a sama. Masu bonsai na Afirka ta Kudu da suka lura da haka sai suka fitar da nasu fasalin, akwai na kuka, akwai mai shimfiɗaɗɗen kai irin na itatuwan ƙaya da suka sa wa sunan mai zanensu Pierneef, a Taiwan kuma dangin cediya da faffaɗan kai da saiwoyi masu saukowa daga rassa ake yin su. Kai kuwa kana da abin da ya fi hoto, ka san cediyar ƙofar gidanku, ka san gajeren gindinta mai kauri da yadda ta baje kamar lema da jijiyoyin da ke reto daga rassanta. Ita za ka yi. A wannan fasalin rassanka biyu duk suna da aiki, na saman ya zama jagora a rage masa tsawo ya rarrabu, na gefen da ya sunkuya ya zama reshen farko mai ba da inuwa, dama ƙa'idar da aka saba reshen farko ya fita wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon itacen, kuma taƙi guda a itacen da zai ƙare a santimita 50 zuwa 60 bai yi nisa da haka ba. Abu ɗaya za ka duba, in kaurinsu ɗaya ne sak za su ba ka siffar gwafa, ido ya rasa wanda zai bi, toh sai ka bar na saman ya yi ta girma damina guda kana datse na gefen har bambanci ya fito.

Gaban itace kuma kar ka zaɓe shi a tsaye kana kallonsa daga sama. Ɗora tukunyar a kan tebur ko turmi a gaban farin bango, ka zauna idonka saitin gindin, ka riƙa juya ta kaɗan kaɗan, ka nemi inda gindin ya fi faɗi, karkatar ta fito sosai zuwa gefe, ba reshen da ya tokaro maka ido, kan kuma ya ɗan rusuno wajenka kamar mai gaisuwa. Ka sa dutse a ƙarƙashin tukunyar ta wannan gefe ka gani, ka mayar ɗaya gefen ka gani, sau da yawa karkata kaɗan take mayar da itacen da ba shi da fasali ya zama abin kallo. Duk reshen da kake tunanin cirewa ka rufe shi da farin ƙyalle ka ɗauki hoto da waya ka kwana biyu kana kallo, ƙyalle ana cire shi amma abin da almakashi ya ci ya tafi. In ka samu gaban ka soka ɗan tsinke a bakin tukunya ya zama alama. Maganar busasshen reshe da ake ferewa a bari fari don ado kuwa kar ka soma a cediya, itacenta taushi gare shi, ruɓewa zai yi ya jawo maka gara.

Duk wannan kallo ne kawai a bana, hannunka a aljihu. In sabon toho ya fito ya yi kamar sati uku yana ƙaruwa sai ka fara taki kaɗan, busasshen kashin awaki da ya kwana biyu ka jera a saman ƙasa, ko 'yan ƙwayoyin kamfa ka jiƙa a ruwa mai yawa duk sati biyu, ban da yuriya ban da ɗanyen kashin kaji. Ka mayar da ita rana a hankali, ka bar ta ta yi gashi buya-buya duk daminar nan, busassun kan rassa kawai za ka cire. Sai dai in a tsakiyar damina ka ga tana fitar da rassa masu ganye takwas goma, za ka iya fara datsewa ka bar biyu ko uku, ka sake bari ta yi ka sake datsewa, wannan hanyar ta mutanen kudancin Sin ce kuma cediya tana karɓarta fiye da waya. Inda waya ta zama dole ka nemi ta alminiyam mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na reshen, ka naɗa a karkace ba matsewa, ka riƙa dubawa duk sati don cediya da damina cikin wata guda take haɗiye waya, in za ka cire ka yanka ta gunduwa-gunduwa kar ka warware. Saukar da reshe ma ba sai da waya ba, igiya da ɗan guntun tiyo a inda za ta taɓa ɓawo ka ɗaure a bakin tukunya ya wadatar.

Canjin tukunya sai farkon daminar baɗi, kuma ba kasko ba tukuna, tukunya mai faɗi mai manyan huji, don gindi ba ya ƙara kauri sosai in an shiga kasko. Ba sai ka nemi ƙasar akadama daga Japan ba, farfasa jan bulo ka tankaɗe ka ɗauki mai girman ƙwayar dawa zuwa ta wake, ka haɗa da tsakuwar rafi da ɗan gawayi da ruɓaɓɓen taki kaɗan, ka watsar da garin. Irin wannan ƙasar da bazara za ta nemi ruwa sau biyu a yini, da hunturu ma iska tana busar da ita da wuri, ka shirya wa hakan, in za ka yi tafiya ka damƙa ta a hannun wanda zai duba tsinken nan.

Ka ce ba ka da wata in wannan ta tafi. Duk reshen da ka datse da damina mai kaurin fensir zuwa sama kar ka yar, ka bar ƙaron ya tsane ka soka shi a yashi mai danshi a inuwa, cediya ba ta da wuyar kamawa, kai shaida ne tunda haka ka samu wannan. Ka yi uku ko huɗu, ɗaya ka ba wani cikin 'yan'uwanka, ɗaya ka dasa a ƙasa inda ke da fili nesa da katanga da rijiya saboda saiwarta. Bayan kwana goma da tsomawar yau ka turo min hotonta ta ɓangare huɗu da na gindin kusa, ka faɗa min kuma a wane reshe ka samu kore da ka karce.